Kafin Ku Ce Uwarsa Ce Ta Ɓata Shi

Akwai wata magana da na gaji da ji a gidajen suna da na biki, kuma duk ranar da na ji ta sai raina ya sosu, wai "ai uwarsa ce ta ɓata shi." Na fara jin zafinta sosai ne a wani suna a nan Tudun Wadar Zariya, shekarun baya. Muna zaune a tsakar gida ana ta rabon waina da kunun gyaɗa, sai ga ɗan maƙwabciyata, Auta muke ce mashi, lokacin bai wuce shekara biyar ba, ya ɗauki ɗankwalin babarsa da ta ajiye kan tabarma za ta yi alwala, ya naɗa shi a kai, ya kawo bakin ya soke ta gefen kunne daidai yadda take yi. Wallahi ɗaurin ya fi nawa kyau. Mata suka kwashe da dariya har da tafi, wata ta ce ya taka mana mu gani, yaro ya taka. Sai wata dattijuwa daga dangin uban ta ajiye kofinta ta ce, "Ku yi ta dariya. Namiji ɗaya tilo a cikin mata biyar, kullum yana naɗe a zanin uwarsa, ɗan daudu take rainon mana." Tsakar gidan ta yi tsit. Na kalli uwar, tana tsugune da buta a hannu, ruwa na zuba ƙasa ba ta ma sani ba.

Da daddare katanga ɗaya ce tsakaninmu, na ji komai. Uban ya dawo daga kasuwa an riga an kai mashi labari tun a zaure. Da wayar rediyo ya dake shi. Abin da har yau bai fita a kunnena ba shi ne yaron bai san ma laifin da ya yi ba, yana ta cewa "Baba na daina, Baba na daina," uban na tambayarsa ka daina me, shi kuma ya rasa amsa.

Ni malamar firamare ce, na kusa shekara ashirin ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu, kuma tun daga wannan dare nake bibiyar abin da masana suka rubuta a kan wannan lamari na yaron da halinsa ko yadda yake jin kansa ya saɓa wa jinsinsa, duk abin da na samu a intanet ko a wajen 'yan uwa da ke aikin asibiti sai na karanta ko na tambaya. Inda na tsaya shi ne nan: gaskiya ne abin da ya sami yaro a ƙuruciya yana da alaƙa da irin wannan damuwa, amma alaƙar ba irin wadda muke faɗi a bakin murhu ba ce, kuma maganin da muke yi, wato duka da gori da raba yaro da uwarsa, shi ne ke ƙara lalata abin da muke cewa muna gyarawa.

Bari in fara rarrabe wasu abubuwa, don mu komai a kwando ɗaya muke zubawa. Yaro namiji mai son wasan girki da gwangwanin madara, ko yarinya mai hawa bishiyar mangwaro da buga ƙwallo da maza, wannan ɗabi'a ce kawai, kowane aji na taɓa riƙewa akwai irinsu, kuma yawanci ba abin da ke damun su. Mata-maza kuma, wanda aka haifa da halittar da ba a gane namiji ne ko mace ba, wannan maganar jiki ce da likitoci ke dubawa. Ɗan daudu wani matsayi ne da sana'a da salon magana da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa, tuwo-tuwo da suyar kaji a tasha da sauransu. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira jenda disforiya, ni zan ce mashi ƙuncin jinsi, wani abu ne daban, shi ne mutum ya rinƙa jin ƙunci mai tsanani, mai ɗorewa, saboda yadda yake jin kansa a zuciya bai yi daidai da jinsin jikinsa ba, har abin ya hana shi sukuni a gida ko a makaranta. Littafin da likitocin Amurka ke aiki da shi ya sa mashi wannan suna a 2013, ya kuma ce sai abin ya kai aƙalla wata shida ana fama kafin a kira shi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022 ta cire shi daga babin taɓin hankali ta mayar da shi babin lafiyar jinsi. Toh kun ga ɗaura ɗankwali sau ɗaya a gidan suna bai kai ko kusa ba.

Yanzu maganar shaƙuwa tsakanin yaro da mai rainonsa, tunda ita ake ɗora wa laifi. Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara tsara wannan ilimi, bayan yaƙin duniya na biyu da ya bar yara barkatai babu iyaye, har ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951. Abin da ya ce ba baƙo ba ne a wajen duk macen da ta taɓa goyo: jariri yana buƙatar wani babba da zai zame mashi mafaka, in ya tsorata ya ruga wajensa, in hankalinsa ya kwanta ya sauka ya rarrafa ya je ya yi wasa. Abin da ya burge ni shi ne wadda ta fara gwada maganar a aikace, Mary Ainsworth, a Afirka ta yi, a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda a 1954 da 1955, tana shiga gidaje 26 tana zama tana kallon uwa da jariri. Daga baya a Amurka ta tsara wani gwaji na kamar minti ashirin, a sa uwa ta fita daga ɗaki ta bar ɗan shekara ɗaya, sannan ta dawo a ga yadda zai tarbe ta. Wani zai yi kuka, in ta dawo ya ɗafe ta, ta rarrashe shi ya yi shiru ya koma wasa, wannan shi ne mai kwanciyar hankali. Wani zai kau da kai kamar bai gan ta ba. Wani zai ɗafe ta amma yana ture ta, rarrashi baya kama shi. Daga baya wasu masanan suka ƙara kashi na huɗu, yaron da zai taho wajen uwar sai ya tsaya cak ko ya juya da baya, saboda wanda ya kamata ya zama mafakarsa shi ne kuma abin tsoronsa. Wannan na huɗun ku riƙe shi, zan dawo kansa.

Mu ma an yi irin wannan nazari a kanmu. A 1977 aka buga wani bincike kan jarirai 18 'ya'yan Hausawa, aka ga kowane jariri yana da masu raino kusan huɗu a gida, ya shaƙu da uku ko huɗu daga ciki, kuma wadda ya fi maƙale wa ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi mashi wasa, ba lallai wadda ta haife shi ba. Duk wanda ya tashi a babban gida a cikin birni, Kwarbai ko Ƙaura ko Limanci, ya san haka ba sai an gaya mashi ba. Ga kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi mashi wasa gaban mutane. Ga yaye a gidan kaka. Ga riƙo, goggo ta zo ta ce a ba ta wannan, a ba ta. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ita kanta ba ta taɓa haihuwa ba amma ta raini 'ya'yan dangi sun zama nata. Saboda haka a wajenmu yaro ba na uwa ɗaya ba ne tun asali, gida ne ke rainonsa. Toh me ya sa in abu ya yi kyau ɗan gidan wane ne, in an ga abin da ba a so sai a ce uwarsa?

Kuma kar ku ɗauka tsofaffinmu ne kaɗai suka ɗora wa uwa laifi. Turawa sun yi nasu da digiri. A 1968 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Robert Stoller, ya rubuta cewa namijin da ke jin shi mace ce, sanadin shi ne uwa ta manne da shi fiye da kima, uba kuma ya yi nisa. Kun ji, maganar dattijuwar gidan suna ce sak, an dai sa mata kwat ne. Amma a kan mutane ƙalilan da suka zo asibitinsa ya gina ta, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da ita a matsayin sanadi ba. Irin wannan aka yi wa iyayen yara masu otizim, lalurar nan da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane, shekara da shekaru ana cewa sanyin halin uwa ne ya jawo, mata suka sha kuka a banza, daga baya aka watsar da maganar.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba don kawai ya fi mani daɗi. A 2021 likitoci a wani asibitin yara a Sidni ta Ostareliya sun buga bincike kan yara 57 da aka kawo da ƙuncin jinsi. Da suka kwatanta su da yaran gari sa'o'insu, sai suka ga yawancinsu shaƙuwarsu da iyaye ta samu tangarɗa, kuma da yawa suna ɗauke da wani rashi ko wata azaba da ba su warke ba, rikicin gida, rabuwar iyaye, tsangwama a makaranta, cin zarafi. A Italiya ma a 2018 an yi wa manya 95 irin wannan tambayoyi, kusan rabinsu suka faɗa kashi na huɗun nan da na ce ku riƙe. Wannan ba ƙarya ba ne kuma bai kamata a share shi ba. Ruwa baya tsami banza, haka ne.

Amma ku tsaya mu duba da kyau. Na farko, su likitocin Sidni sun kwatanta yaran da wasu yara masu wasu matsalolin ƙwaƙwalwa daban, suka ga hoton iri ɗaya ne. Ma'ana raunin shaƙuwa ba tambarin ƙuncin jinsi ba ne shi kaɗai, abu ne da ake gani wajen yaran da ke cikin damuwa ko wace iri. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wajena, irin wannan bincike hoto ne aka ɗauka rana ɗaya, baya gaya maka me ya riga me. Ku koma kan Auta. A ce yau wani mai bincike ya zo ya zauna da shi ya tambaye shi yaya kake da babanka, zai samu yaron da in ya ji ƙarar mashin ɗin uban a ƙofar gida yake shigewa bayan randa. Zai rubuta shaƙuwa ta lalace. Gaskiya ya rubuta. Amma ni da nake maƙwabtaka da su na san cewa kafin ranar ɗankwalin nan uban a kafaɗa yake ɗaukarsa zuwa masallaci, shi yake saya mashi alawa a hanyar dawowa. Ba lalacewar shaƙuwa ce ta kawo ɗankwali ba, ɗankwalin ne ya zo, wayar rediyo ta biyo, sannan shaƙuwar ta karye. Kuma ba shi kaɗai ba ne, wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2012 kan matasa sama da 9,000 ya nuna yaran da ɗabi'arsu ta fi saɓa wa ta jinsinsu tun kafin shekara 11 sun fi sauran fuskantar duka da zagi da lalata, kuma da yawan dukan da zagin a cikin gida ne.

Wata hujjar ma a ƙofar gidanmu take. Ku fita PZ ko Ƙofar Doka ko tashar Kwangila da safe ku ƙirga yara 'yan shekara shida da bakwai riƙe da roba, an raba su da uwa an kawo su garin da ba su san kowa ba. Ku ƙara da 'ya'yan sakakku da aka bari hannun matar uba, da agololi, da marayun da 'yan bindiga suka bari a ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari. In da yankewar shaƙuwa ita kaɗai ke sa namiji ya ji shi mace ce, da abin ya cika gari. Bai cika ba. Waɗannan yara an cuce su, kuma cutar tana fitowa ta wasu hanyoyi, fushi, shaye-shaye, rashin yarda da kowa, fitsarin kwance har girma, amma mafi yawansu ba su taɓa shakkar cewa su maza ne ba.

Akwai kuma wani labari mai ban tausayi da duk mai cewa tarbiyya ce kawai ya kamata ya sani. David Reimer, an haife shi a Kanada a 1965, 'yan biyu ne maza. Yana jariri aka yi kuskure wajen kaciya gabansa ya ƙone. Wani masani a Amurka, John Money, wanda ya yi imani cewa jinsi duk raino ne, ya ba iyayen shawara su mayar da shi mace. Aka yi mashi aiki, aka sa mashi sunan mata, aka sa mashi riguna, gida gaba ɗaya ya haɗu a kan cewa yarinya ce. Yaron bai taɓa yarda ba, yana yaga rigunan, yana neman kayan wasan ɗan uwansa, har aka gaya mashi gaskiya yana shekara 14 ya koma namijinsa. A 2004 ya kashe kansa yana da shekara 38. Toh in uwa da uba da likitoci sun haɗa ƙarfi da gangan, shekara goma sha, sun kasa sa namiji ya ji shi mace ce, ta yaya goyo da kwana a bayan uwa za su yi wannan aiki ba da niyya ba?

Ta ɓangaren halitta ma akwai alamu, ko da yake su ma ba su kammala magana ba. A 2012 an tattara rahotannin 'yan biyu, a cikin tagwaye 23 masu kama ɗaya da ɗayansu ke da ƙuncin jinsi, 9 duka biyun ne ke da shi, a tagwaye 21 marasa kama ɗaya kuma masu jinsi ɗaya ba a samu ko guda ba. Daga baya wani bincike a Suwidin bai samu irin wannan sakamako ba. Akwai kuma 'yan mata da ake haifa da wata lalura da ke sa sinadarin maza ya yi yawa a jikinsu tun suna ciki, an ga sun fi son wasan maza, amma mafi yawansu nesa ba kusa ba suna girma suna jin su mata ne. Shi ya sa likitar yara Hilary Cass, da hukumar kula da lafiya ta Ingila ta sa ta yi nazarin lamarin kusan shekara huɗu, a rahotonta na Afrilun 2024 ta ce abin haɗuwar halitta ne da tunani da zamantakewa, kuma kowane yaro da hanyar da ya biyo. Ta ce hujjar amfanin allurar dakatar da balaga ga yara ba ta da ƙarfi, ta kuma ce a daina kallon jinsi kaɗai a duba yaron gaba ɗayansa, don da yawansu suna da baƙin ciki mai tsanani ko fargaba ko otizim ko wani abu da ya same su. Tsofaffin bincike a Holan da Kanada sun nuna yawancin ƙananan yara masu wannan damuwa tana sassautawa bayan balaga, duk da masana suna jayayya kan yadda aka ƙirga. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne gaggawa ba ta da amfani ta kowane ɓangare, ko gaggawar allura irin ta can, ko gaggawar bulala irin ta nan.

Na san wani zai ce Malama duk wannan maganar Turawa ce, mu Musulmi ne, an la'anci namiji mai kamanta kansa da mata. Hadisin yana nan a Bukhari daga Ibn Abbas, ban musa ba kuma ba zan musa ba. Amma malamanmu ba su tsaya inda muke tsayawa ba. Imamu Nawawi a sharhin Sahihu Muslim ya raba abin biyu, akwai wanda haka aka halicce shi, taushin murya da tafiya ba da ƙaƙale ba, ya ce wannan babu zargi babu zunubi babu uƙuba a kansa, sannan akwai mai yi da gangan, shi ne abin zargi. Ibn Hajar ya ƙara da cewa na farkon a umarce shi ya yi ƙoƙarin bari, a hankali a hankali. A hankali fa, ba da wayar wuta ba. Kuma duk wannan a kan baligi ake magana, yaron da alƙalami bai hau kansa ba ina ruwansa da la'ana? Duk almajirin da ya sauke Muhtasar na Halil a zaurukan cikin birnin nan ya san da mas'alar mata-maza littafin ya rufe, an zauna an lissafa mashi gadonsa, rabin na namiji da rabin na mace. Mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin mu sun yi maganar nan da natsuwa da ilimi, ba su ce a jefar da kowa ba. Mu kuma da mun gani sai salati da neman icce.

Ku duba jerin abin da muke yi. Duka tukuna. In bai yi ba a ce aljana ce ta aure shi, a yi hayaƙi, a yi ta ruƙiyya ana matsa mashi wuya. In bai yi ba a raba shi da uwar, a tura shi ƙauye wajen kawu mai zafin hannu wai ya zama namiji. In bai yi ba gidan mari. Ba mu manta ba ai, a Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo, wasu suka ba da labarin lalatar da aka yi da su a ciki, kuma iyaye ne da hannunsu suka kai yawancinsu don a gyara masu hali. Ƙarshen layin shi ne kora. Yaro ɗan sha biyar ya bar gida da leda ɗaya, ina zai je? Tasha. Wa zai ba shi wurin kwana da abinci? Duk wanda ya ba shi, shi ne zai zama uwarsa da ubansa, kuma ba kowa ne zai ba shi don Allah ba. Abin da uban ke tsoro tun farko, shi da kansa ya kai yaron bakinsa ya miƙa. A Amurka an bincika a 2016, masu wannan hali da danginsu suka yi watsi da su sosai sun ninka sauran fiye da sau uku wajen yunƙurin kashe kai. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma mun manta mu ne kuma muka ce hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wani abu kuma da nake so iyaye mata musamman su ji. Wani lokaci in yaro ya fara cewa na tsani jikina, abin da ke ƙasa ba maganar jinsi ba ce ma. Na taɓa samun wata yarinya da na koyar tun tana aji biyu, ta kai shekara goma sha biyu sai ta fara ɗaure ƙirjinta da tsumma har numfashi na yi mata wuya, ta daina kitso, tana cewa ita dama namiji aka haife ta. Gida aka ce iskanci ne da kallon waya. Wata rana bayan an tashi ta tsaya tana taya ni tattara littattafai, ban tambaye ta komai ba, na dai ce mata zauna ki huta, na miƙa mata ruwan leda. Ta daɗe tana murza ledar a hannu kafin ta ce, "Malama, in mutum namiji ne ai ba a taɓa shi ko?" Ashe wani ne a gidan da take kai talla. Wannan yarinya da an bi ta da bulala a kan tsumman ƙirji, da mutumin nan har yau yana cin karensa babu babbaka. Ba ina cewa kowane mai ƙuncin jinsi an taɓa shi ba ne, sam, da yawa sun tashi cikin gata da soyayya kuma abin yana nan. Ina cewa ba za ka taɓa sanin wanne ne a gabanka ba sai yaron ya yarda da kai har ya buɗe baki, kuma yaron da ke tsoronka ba zai buɗe ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wannan gaskiya ne, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma mu a Zariya ba mu da uzurin da na ƙauye ke da shi, ga asibitin koyarwa a Shika da sashen masu duba ƙwaƙwalwa, ga na Barnawa a Kaduna tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. In yaro ya daina cin abinci, ya daina barci, yana yanka jikinsa, yana maganar mutuwa, dan Allah a kai shi, kuma uban ya bi su, kar a bar uwa ita kaɗai da kati a hannu kamar ita ta haifi matsalar.

Iyaye maza, ku nake roƙo. Na san abin da ke cin ku, majalisa ce, abin da za a ce in kun ba da baya. Amma Aƙra'u bin Habis ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka ba shi amsa cewa wanda baya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. In kana ganin ɗanka ya fi sakewa cikin mata, ka tambayi kanka sau nawa ka zaunar da shi kusa da kai ba don faɗa ba. Ka tafi da shi shago, ka tafi da shi gona, ka ɗora shi a mashin ku je kallon hawan sallah, ba da niyyar gyara shi kamar rediyo ba, don ɗanka ne kuma yana buƙatarka ko ya canza ko bai canza ba. An ce ana haifar ɗa ba a haifar halinsa, toh amma kai ne ka haife shi ɗin.

Auta yanzu ya shiga sakandare. Har yau muryarsa a sanyaye take, har yau shi ke taya uwarsa tuƙa tuwo in 'yan matan ba sa nan, yaran layi suna da sunan da suke kiransa da shi wanda ba zan rubuta ba. Bai taɓa ce wa kowa shi mace ba ne. Ba ya dai magana sosai, in uban na tsakar gida shi yana ɗaki, in uban ya shiga ɗaki shi ya fito. Kwanakin baya uwar ta shigo aron turmi, ta zauna bakin ƙofar kicin ɗina ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ke da kike karatu, tsakaninki da Allah, goyon da na yi mashi ne ya yi yawa?" Na ce mata Yaya wata nawa kika goya shi, ta ce kamar sauran, har ya yi tafiya. Na ce toh sauran fa? Ta ɗan yi murmushi, ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗauki turmin. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce in Malam ya dawo daga masallaci ko zan sa shi ya yi wa baban Auta magana, tunda shi yana jin maganarsa.